Nisan Da Ke Tsakanin Filayen Jirgi Biyu

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma tambayar da ka rufe da ita ta tsaya mini a rai: me ya sa garuruwa biyu na kurkusa, kowanne da filin jirginsa, za su zama kamar gabas da yamma don kawai iyakar ƙasa ta ratsa tsakaninsu?

Na ɗauko taswira na auna misalin da ka kawo, wato Kano da Damagaram. A ma'aunin taswira, digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 111. Filin Malam Aminu Kano yana wajen digiri 12, na Damagaram kuwa ya kusa 14. In ka haɗa da ɗan karkatar da aka yi gabas, nisan bai wuce kilomita 200 ba. Ƙaramin jirgi mai farfela ba zai cika awa guda a sama ba.

To amma kusancin nan shi kansa matsala ne. Jirgi ya fi shan mai lokacin tashi da hawa sama, ga kuɗin sauka da na ma'aikata da za a biya ko tafiyar ta minti 30 ce ko ta awa 5. In kujeru ba su cika ba, kamfani asara zai tafka. Turawa ma sun gwada. A 2016 aka buɗe zirga-zirga tsakanin Altenrhein a Switzerland da Friedrichshafen a Jamus, tsallaken tafki ne na kamar kilomita 20, minti 8 a sama. Ba a shekara ba aka dakatar.

Sai batun iyaka, wanda ya fi damuna. Bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944 kan zirga-zirgar jiragen sama, kowace ƙasa ce ke da iko da sararin samaniyarta. Jirgin haya ba ya ƙetarawa sai gwamnatocin biyu sun amince, kuma dole filin da zai sauka ya kasance da jami'an kwastan da na shige da fice. Ƙananan filaye da yawa ba su da su. Shi ya sa ake kwasar fasinja zuwa babban birnin ƙasarsa, daga can zuwa na maƙwabta, kafin a dawo da shi kusa da inda ya taso. Tafiyar kilomita 200 sai ta ninka sau da yawa, kuɗin tikiti ma haka. Ka tuna da mara lafiya, ko tsohon da jikinsa ba zai jure zaman mota ba. Wallahi abin yana sosa mini rai.

Ƙasashen Afirka sun cimma matsaya a birnin Yamoussoukro na Côte d'Ivoire a 1999 kan sakar wa kamfanonin jirage mara, Tarayyar Afirka kuma ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a 2018. A ganina, sai ranar da ƙananan filaye suka amfana za a ce an yi aiki.

Don haka in ka tashi zuwa, kada ka dogara da layin taswira. Ka fara bincikar inda za a yada zango da awa nawa za ka jira, sannan ka sanar da ni ranar. Ka gaida mutanen gida duka.

Naka har kullum,
amininka.