Wasiƙar Kirsimeti daga Kumasi

Baba da Inna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti. Ya sanyin Wusasa? Nan ma hunturu ya sauko, sai dai hazo ya fi sanyin yawa, ko bargo ban ciro ba.

Akwai maganar da na ɓoye muku wata tara, yau zan faɗa. Gobarar da ta tashi a kasuwar Adum ranar 21 ga Maris ta haɗa da shagona. Da kuka kira na ce muku lafiya lau, saboda hawan jinin Baba. Ku yafe mini. Ko ƙyalle ban tsira da shi ba, ga shi rabin atamfar bashi na ɗauko. Na iso na tarar da ƙofar ƙarfe ta lanƙwashe kamar ganye, makullin yana hannuna. Sati uku ina yawo da makullin nan a aljihu, na kasa yar da shi.

Inna, zuciyata ta mutu a lokacin. Na daina zuwa sujada. In na durƙusa, addu'a sai ta maƙale a wuya. Ina kwance a ɗaki a Aboabo ina jin kiran sallar asuba, barci ya ƙi zuwa, ina lissafin sidi nawa, kuɗin Ghana, ake bina. Maigidanmu, Alhaji, wata uku bai yi mini zancen haya ba, uwargidansa kuwa kullum sai ta aiko yaro da koko da ƙosai. Ku riƙa sa su a addu'a.

Wani dare na jawo Littafi Mai Tsarki ɗin nan da kika tura mini cikin jaka ranar da zan taso, mai yagaggen bango. Sai ya buɗe inda kika sa tsinken tsintsiya, Zabura 34. Aya ta 18 ta ce Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya. Tun ina yaro na san ayar, amma ban taɓa karanta ta da karyayyar zuciya ba sai daren nan. Ba ta ce za a mayar mini da shago ba, kusa ta ce, kuma abin da na rasa ke nan. Na yi kuka har tabarma ta jiƙe, sannan na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Ranar Ista, 20 ga Afrilu, na koma majami'ar St Cyprian. Suna waƙa da harshensu, ni ina bi da Hausa a hankali, don muryar ɗaya ce da tamu ta gida. Bayan an tashi, wata tsohuwa 'yar Asante da ta ji labarina ta ba ni turmi shida, ta ce in biya in na sayar. Da su na kafa tebur a gefen kasuwar Kejetia. Bashin bai ƙare ba, amma ya yi sauƙi, masu bina kuma sun ga ina ƙoƙari.

Jiya da aka karanta Luka sura 2, inda Maryamu ta kwantar da jaririn a komin dabbobi don ba su sami masauki ba, sai na ji kamar da ni ake. Shi ma ya san baƙunci, har gudun hijira zuwa Masar an yi da shi yana goye. Bana ne na gane abin da sunansa Immanuwel ke nufi, wato Allah tare da mu.

Na aiko da ɗan abin da ya samu ta hannun Yaya. A sayi kaji biyu da shinkafa, a ɗinka wa Auta riga, a kai wa maƙwabta tasu kamar yadda aka saba. Baba, don Allah kada ka bar shan magani. In Ubangiji ya yarda, Ista mai zuwa a gida za ta same ni. Ku gai da Goggo da su Kawu.

Ɗanku.