Zuwa ga kwastomominmu: wa ke ba yaranmu aiki, gwamnati ko 'yan kasuwa?

Assalamu alaikum iyayenmu, Alhazai da Hajiyoyi, da duk 'yan uwa masu sayen shinkafa a wajenmu nan Kura.

Kwanakin nan kusan duk wanda ya zo ɗaukar buhu sai an taɓa muhawara a bakin injin, wannan ya ce gwamnati ce ya kamata ta ba matasa aiki, wancan ya ce a'a sai 'yan kasuwa, har wasu na tambayarmu wai me ya sa ba mu rage yara ba tunda kasuwa ta yi sanyi. Toh mun ga gara mu faɗa muku namu ra'ayin a fili.

Mu dai wallahi ba za mu raina kuɗin gwamnati ba. Da shi aka gina dam ɗin Tiga zamanin Audu Bako, aka gama a 1974, aka ja kanal har Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma ba don wannan ruwan ba da babu noman rani a nan, babu shanshera, mu ma da babu mu. Wane attajiri ne zai zuba dukiyarsa ya tare kogi don talakan da bai sani ba ya yi ban ruwa? Sama da shekara 50 ke nan ana cin moriyar aikin nan.

Amma ku leƙo harabar injin da sassafe. Ga mata nan suna turara shinkafa a ganga hayaƙi na shiga musu ido, ga masu shanya sun baza ta a tampol suna juyawa da ƙafa kar rana ta fasa ƙwayar, ga yaron da ke tsaye kan injin cire tsakuwa fuskarsa fari fat da ƙura, ga mai ɗinke bakin buhu, ga 'yan dako, ga mai a-kori-kura yana jiran lodi, har da masu kiwon kaji da ke zuwa kwasar ɓuntu. Babu ko ɗaya a cikinsu da sunansa ke takardar albashin gwamnati. Kuɗin buhun da kuka saya shi muke rabawa a biya su da yamma.

Gwamnatin tarayya ta fara shirin N-Power na ba matasa aikin wucin gadi a 2016, aka riƙa ba su naira dubu 30 a wata, kuma gaskiya ya taimaki gidaje da yawa, sai dai da wa'adin rukuni ya cika shi ke nan. Yaron da ya koyi gyaran injin casa kuwa ko mun rufe gobe sana'arsa na hannunsa.

Abin da muke nema wajen hukuma bai da yawa: wuta tsayayya don mu huta da sayen man gas na janareto, a riƙa yashe kanal ana cire ciyawar kachalla, a gyara hanyoyin gona, sannan a daina juya tsari bagatatan. A 2019 aka rufe boda, mutane suka ci bashi suka kafa injina, a Yulin 2024 kuma aka sanar da ɗage harajin shigo da hatsi na kwana 150. Mai saye ya samu sauƙi, muna taya shi murna da gaske, amma manomin da ya sayi taki da tsada bayan cire tallafin mai a 2023 shi ya sha wuya, kuma in ya daina noma injinmu ma shiru zai yi.

Don haka ba za mu sallami kowa ba bana in sha Allah, sai dai mu rage ribarmu. Za mu ci gaba da sayen shanshera a hannun manoman yankin nan, kuma masu kawo tasu a casa musu kuɗin casa yana nan yadda yake har zuwa kaka. Duk wanda ya samu tsakuwa ko awo bai cika ba ya dawo mana da buhun a canza masa.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinku. Mun gode.

Naku,
Masu injin casar shinkafa, Kura