'Yan Haƙar Ma'adinai Sun Riga 'Yan Mishan Haɗa Kai

Malam Edita,

Barka da aiki. Ina roƙon fili in tuna wa masu karatu wani abu daga yankin haƙar jan ƙarfe na Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau.

A 1935 leburorin ma'adinai sun yi yajin aiki saboda ƙarin haraji, 'yan sanda suka harbe shida a Luanshya. Shekara guda bayan haka, a 1936, ƙungiyoyin mishan na Furotesta, ciki har da na Landan, na Cocin Sikotlan da Metodis, suka haɗa ƙarfi don wa'azi da makarantu a garuruwa irin su Kitwe da Mufulira.

Ana yawan yaba wa Turawan kan wannan. Ni dai a ganina, yabon na leburorin ne. Tun wajen 1925 waɗannan leburori 'yan ci-rani, daga ƙabilu da ɗarikoki daban-daban, suka riƙa taruwa suna sujada tare, ba tare da jiran wani Bature ba. 'Yan mishan sun iske abu ya riga ya kafu ne. Daga wannan tushe aka samu Haɗaɗɗiyar Cocin Zambiya a 1965.

Na gode.

Mai karatu daga Jos