Sanarwa kan yadda za mu riƙa turo farashin hatsi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Farashin gero da wake da kuke turowa daga kasuwannin Tasawa, Dakoro da Gidan Rumji yana da amfani ƙwarai, amma hoton takarda kwamfuta ba ta iya lissafi da shi, sai an zauna an sake bugawa da hannu.

Don Allah a riƙa turo CSV, wato fayil ɗin rubutu mai layi-layi da ake raba bayanai da waƙafi: kowane layi kasuwa ɗaya, hatsi ɗaya, rana ɗaya. Kwanan wata kamar 2025-03-14. Kuɗi kuwa a rubuta da sefa, ban da dala (dala ɗaya sefa biyar ce), don wanda ya ga 100 daga nesa ba zai san 500 ake nufi ba. A faɗi ma'auni, tiya ce ko buhu. A adana fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8, kada ƙ da ɗ su rikiɗe.

Allah ya saka da alheri.