Motar Ƙyastu ta Garin Bradford

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wata mota da ke Bradford, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania ta Amurka, inda George Blaisdell ya kafa kamfanin Zippo mai ƙera ƙyastun zamani a shekarar 1932.

A 1947 kamfanin ya sayi mota ƙirar Chrysler Saratoga, aka ɗora mata manyan ƙyastu biyu masu murfin da ake buɗewa, da harshen wuta na fitila a samansu. Ta zagaya jihohi 48 tana shiga jerin gwanon bukukuwa, jama'a na fitowa kallo. Sai dai nauyin ƙarfen ya fi ƙarfin tayoyinta, suna ta fashewa. Aka kai ta wurin wani dillalin motoci a Pittsburgh domin gyara, kuɗin da aka yanka ya yi yawa, aka ce a dakata. Shekaru suka shuɗe ba wanda ya waiwaye ta, da aka je nema kuwa aka tarar wurin ya rufe, motar kuma ta yi ɓatan dabo har yau.

Wannan ɓatan ne ya fi damuna, domin ba gobara ce ta ci ta ba, ba kuma haɗari ba. Jinkiri ne kawai da "sai an samu sarari". Wadda matafiya ke tsayawa su ɗauki hoto da ita yanzu a gidan tarihin kamfanin, idan ba ta fita yawon buki ba, sabuwa ce da aka kammala a 1998 bisa jikin wata Chrysler ta 1947, ana kwaikwayon tsofaffin hotuna. Na yaba wa waɗanda suka yi wannan aiki, kuma ina ganin ƙaramin gari irin Bradford ya amfana ƙwarai da baƙin da ke ratsowa daga babbar hanya dominta. Amma wadda ta taka titunan jihohin nan 48 ba ta nan.

Ina fata shafinku na yawon buɗe ido zai kawo cikakken labarinta da hotunan motocin biyu gefe da gefe, a kuma bayyana wa masu karatu wacce ce ta asali.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum, daga Zariya