Zafin da janareta ke zubarwa a banza

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili a jaridarka mai farin jini.

Tun da kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta a rana, ya tashi a Afrilun 2024, duk inda ka zauna a Samaru zancen sola ake yi, ana kawo misali da megawat 7.1 da Jami'ar Bayero ta samu a 2019. Ban ƙi ba. Amma ni da na yi furfura a gindin janareta, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. In ka zuba wa inji dizal, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai ke zama wuta. Sauran zafi ne, yana fita ta salansa da lagireto. Mun biya kuɗinsa, mun shaƙi hayaƙinsa, ya tafi.

Akwai tsarin da ke tare wannan zafi ya dafa ruwa ko ya ba da tururi, har a ci moriyar kashi 65 zuwa 80 cikin 100 na man. Turawa ɗakuna suke ɗumamawa da shi, shi ya sa wasu ke cewa mu ba ruwanmu. To, su leƙa asibitin koyarwa na Shika, inda wankin zannuwa da tafasa kayan tiyata ba sa hutu. Da hunturu kuma, hita nawa ɗalibai ke jonawa da asuba don ruwan wanka? Da bazara ma zafin yana iya sanyaya ɗakin karatu. Wanda ya san tsohon firij mai kananzir na dispensare ba zai yi mamaki ba, dabarar ɗaya ce.

Shawarata ga Jami'ar Ahmadu Bello, a fara gwaji a Shika, domin zafi ba ya son doguwar tafiya a bututu, dole inji ya zauna kusa da mai buƙata. Idan gas ɗin bututun Ajaokuta zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, ya samu, sai a bar dizal, tunda iskar kabon da gas ke fitarwa ba ta kai tasa ba. Kafin nan, ga kashin shanun NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, nan kusa, ɗaliban injiniya su auna mana gas nawa zai bayar.

Naka,
Wani tsohon makanikin janareta,
Samaru, Zariya.