Amsa ga Baba Alhaji: wane yaro ne ya ƙoshi da bincikenmu?

Assalamu alaikum Baba Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Tambayar da kuka jefa mini a taron iyayen yara na Asawase ta riga ta zaga Aboabo da Sawaba kafin a ba ni damar buɗe baki, don haka amsar ma a fili zan ba da ita. Kun ce mu masu bincike muna shiga gidajen Zango da takardu, mu tambayi mata abin da suka dafa, mu auna 'ya'yansu, sannan mu kwashi asirin mutane mu sayar wa Turawa. Kuka ce babu yaron da ke kwana da yunwa a Zango, labarin zuciya a tambayi fuska, a dubi kumatun yaranmu. Kuka rufe da cewa wane yaro ne ya taɓa ƙoshi da bincikenmu.

Maganar da kuka yi cewa muna karɓar kuɗin zama a tarukan otal ba zan tsaya a kanta ba, domin wasu daga cikin waɗanda suka fi tafa muku ranar ba baƙi ba ne a layin sa hannu. Zargin da kuka yi cewa da Turanci muke rubuta rahoto kuwa, ga amsa nan da Hausa.

Abin da ya sosa mini rai shi ne sayar da asiri. Baba, kun san gidanmu, kun san ba gidan da ake tallan sirrin maƙwabci ba ne. Kafin a buga ƙofa ko ɗaya, sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'ar KNUST ko na Hukumar Lafiya ta Ghana ya karanta kowace tambaya ya amince. A gida kuma sai an karanta wa uwa takardar yarda da harshen da take ji, ta sa hannu ko ta dangwala, kuma tana da ikon cewa a tsaya ko da an yi nisa. Lamba ce ke shiga kwamfuta tare da amsoshinta, sunanta ba ya shiga. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012 tana wuyan duk wanda ya saɓa. In kun san gida ɗaya da aka fallasa, ku faɗi mai binciken, ni zan raka ku kai ƙara.

Sai batun kumatu. Yunwar da kuke nufi, wadda ake ƙirga haƙarƙari, ita ce rama, kuma ita ce mafi ƙaranci: binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya same ta a yara 6 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar. Tsumburewa ta ninka haka kusan sau uku, kuma yaron da ya tsumbure yakan yi ɓul-ɓul abinsa, tsawonsa ne kawai ya gaza na shekarunsa. Ɗan shekara huɗu a ɗauka ɗan uku ne, a ce ai gajartar kakansa ya gado. Ƙarancin jini kuwa ya kama 49 cikin 100 na yara daga wata 6 zuwa 59, kuma sai an ɗiga jini daga yatsa ko diddige a na'ura ake gane shi. Alƙaluman ƙasa ne baki ɗaya, arewacin Ghana ya fi yankinmu na Ashanti muni, amma ban san wanda ya yi wa Zango katanga ba. Wani cikar fuskar ma kumburi ne. Tun 1933 likita Cicely Williams ta bayyana shi a asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Accra, a jikin yaran da aka yaye aka bari da abincin masara zalla. Gwajinsa shi ne a danna babban yatsa a bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa uku. In ramin ya zauna, asibiti yau, ba gobe ba.

Awon da kuke yi wa dariya yana da ƙa'ida. Yaron da bai kai wata 24 ba a kwance ake auna shi a kan allo, mutum ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya miƙar da gwiwoyi. Wanda ya wuce haka a tsaye, ba takalmi, ba hula, a kwance kitson da ya yi tudu. Tsakanin awon kwance da na tsaye akwai bambancin santimita 0.7 da dole a gyara. Zaren awon kaurin dantse, mai alamun launi, a tsakiyar hannu ake ɗaura shi, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa ne, a sa ido. Inda aikin ya fi lalacewa shi ne shekaru. In aka ƙara wa yaro wata shida, lafiyayye zai iya fitowa tsumburarre a lissafi. Shi ya sa muke nacewa a kan littafin awo, in babu shi mu bi uwa da tambaya: kafin Babbar Salla ko bayanta, kafin Mauludi ko bayan zaɓe. Ba bin diddigin gidan kowa muke yi ba.

Tambayoyin tukunya kuma guda takwas ne, na hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, daga fargabar ƙarewar abinci, zuwa rage cima, zuwa wuni cur ba a ci komai ba. Kowace sai an ƙara mata "saboda rashin kuɗi ko abin hannu", in ba haka ba azumin Ramadan da na Litinin da Alhamis duk su shiga lissafin yunwa. Ba a yi wa mace su a gaban maigida ko kishiya, don ba macen da za ta ce tukunyarta ta kwana a kife alhali mijinta yana zaune. Wata kuma takan ƙara gishiri in ta zaci rabon shinkafa zai biyo baya, sai an gaya mata tun farko babu abin da za a raba. Ku da kuke tambayar mutane a ƙofar masallaci, kowa ya ce muku alhamdu lillahi, me kuke tsammani za su ce?

Yanzu ga yaron da ya ƙoshi. Shirin gwamnati na ciyar da ɗalibai ya fara ne a 2005 da makarantu goma. Tsakanin 2013 da 2016 masu bincike, ciki har da na cibiyar bincike ta ISSER a Jami'ar Ghana da ke Legon, suka bi makarantu 116 a gundumomi 58, aka yi ƙuri'a wasu suka fara samun abinci wasu suka jira. Yaran da aka ciyar sun fi a lissafi da karatu, kuma ribar ta fi yawa ga 'yan mata, da 'ya'yan talakawa, da yaran arewa. Da irin wannan hujja ake tare wuƙar masu yanke kasafi duk shekara. A yankin Accra kuma an bi yaran ajin KG, wato share fagen firamare, daga makarantu 240 tun 2015, aka ga wanda gidansu ya shiga ƙarancin abinci, ko da na ɗan lokaci ne, yana baya a karatu, da ƙirga, da riƙe abin da aka faɗa masa yanzun nan. A aikin nan ne aka gano horar da malamai ya amfani yara, amma tarukan wayar da kan iyaye da aka haɗa da shi sun rage wannan amfanin. Ba wanda ya so jin haka, amma an buga shi. Mai sayar da labari ba ya buga abin da zai ɓata masa ciniki.

Da da gaske yaran ne a ranku, ga inda muryarku za ta yi amfani. Kuɗin ciyar da yaro ɗaya a rana bai wuce sidi ɗaya ba kafin 2023, ya koma 1.20, ya zama 1.50 a 2024, sannan sidi 2 a 2025. Ku aika kasuwar Kejetia a tambayo muku kuɗin ƙwai ɗaya, sannan ku lissafa shinkafa da mai da itace. Matan da ke dafawa da bashi suke sayo kaya su jira biya, har suka ajiye ludayi a 2022 da 2023, ban ji kun kama lasifika ba. Dokar ilimi ta 2008 ta sa KG na shekara biyu cikin ilimin tilas, amma Hausa ba ta cikin harsunan da aka tsara koyar da ƙananan azuzuwa da su, ɗan Zango mai shekara huɗu da Turanci ko Twi ake tarbarsa. Wannan ma shiru.

Kuma abincin makaranta a shekara huɗu yake iske yaro, alhali yawancin tsumburewa kafin shekara biyu take kamawa, a bakin kofin koko. Cikin jariri mai kilo 8 bai fi kofi ɗaya yake ɗauka ba, in aka cika shi da koko tsararo an cika shi da ruwa. Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba: gwangwani huɗu na masara, gwangwani ɗaya na wake ko waken suya haɗe da gyaɗa, a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna don gubarta ba ta mutuwa a wuta, a soya kowane daban, a niƙa tare. A dama da kaurin da in an karkata cokali ba zai zube ba, a barbaɗa garin busasshen kifi, a ɗiga man ja. Daga wata 6 zuwa 8 sau biyu ko uku a rana, a fara da cokali biyu ko uku. Daga wata 9 sau uku ko huɗu, rabin kofi, nono yana nan bai tsaya ba. Shayi kuma a raba shi da lokacin cin abinci, yana hana jiki jan sinadarin ƙarfen da ke gina jini.

Ban so in taɓo makarantarku ba, Baba, amma ku kuka fara. Iyaye suna biyan kuɗin abinci kullum a ajin KG ɗinku, kuma ba a fara jin zafinku a kan masu awo ba sai da aka yi maganar shigar da makarantu masu zaman kansu cikin aikin awon. Wataƙila dacewa ce kawai. In haka ne, ku buɗe mana ƙofa mu zo da allo da sikeli. Abin da nake buƙata shi ne yardar iyaye a rubuce, littafin awon kowane yaro, da jadawalin abin da aka dafa musu a makon da ya gabaci zuwanmu.

Wassalam,
'Yarku mai bincike kan abincin yara, Kumasi